Dankalin Doguwa da Kuka Cire Daga Firiza

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Bincike na tsangayarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni ɗalibar digiri na biyu ce, 'yar manoman dankalin turawa daga Doguwa. Sau uku na zo ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko. Ka rubuta a kan takardata cewa bincikena ba shi da amfani ga manomi. Bari in faɗe shi yadda na yi wa kawuna Isiyaku bayani a bakin gonarsa. A cikin kowace ƙwayar halittar dankali akwai zaren gado mai ɗauke da umarnin yadda shuka za ta girma, naɗe a jikin wasu furotin kamar zare a mazari. Inda naɗin ya yi tsauri, umarnin da ke wurin ba ya aiki. Inda ya sassauta, sai umarnin ya tashi, kan jijiyar da ke ƙarƙashin ƙasa ya kumbura ya zama dankali. Abin da nake bi shi ne ko zafi na hana wannan sassautawar. Kawu bai yi boko ba, amma nan take ya gane, domin bara da aka yi zafi ganyen dankalinsa ya yi kore shar, da aka haƙa sai 'yan ƙanana kamar goro.

Na biyu. Bayan wannan rubutun naka aka fitar da samfurorin dankalina daga firizar ɗakin gwaji, ba wanda ya kira ni. Na tarar da su a kan benci sun narke, suna wari. Damina guda na yi ina hawa babur gona-gona ina tara su. Mutanen da suka bar ni na tumɓuke musu shuka tun ba ta nuna ba, yau me zan ce musu?

Roƙona biyu ne: a ba ni minti goma gaban kwamiti in kare aikina, a kuma mayar mini da gurbina a firiza. Na riga na sake shuka a bakin rafi, ranka ya daɗe, kuma dankali ba zai jira zaman kwamiti ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Wassalam.

Nafisa, daga Doguwa