'Yar Maraɗi da Tashar Moroni

Asabar, 5 ga Oktoba

Malamarmu Dakta Hadeel ta raba mana batun bincike. Ni Rahina 'yar Maraɗi, wadda ko tafki ban taɓa shiga ba, wai tashoshin jiragen ruwan tsibiran Komoros. Sai da na lalubo ƙasar a taswira. Raina ya ɓaci.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ashe maƙwabciyata Mariam ta benen sama 'yar can ce. Shekara guda muna haɗuwa a metro, tashar jirgin ƙasa ta unguwar Abbasiya, ban taɓa tambayarta ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na kai tsarin sauke kaya da na zana, kowane jirgi da lokacinsa kamar motoci a tasha. Dakta ta cire tabarau: "Ya binti, 'yata, ina kika sa lokacin janyewar ruwan teku?" Janyewa? Kunya kamar ƙasa ta tsage. Wallahi na ɗauka teku inda yake nan yake. Ta ce ko in je Moroni, babban birnin ƙasar, a Janairu in gani da idona, ko in haƙura da digirin bana. Khalas, magana ta ƙare.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Mariam ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zuba min shayi mai kanumfari. Ta ce tashar babban birninsu ba ta da zurfi. Babban jirgi can nesa yake tsayawa, ƙanana su je su kwaso kayan, kusan yadda ake yi tun zamanin jiragen iska. In teku ya yi fushi, shinkafa ta yi ta zama ana hangenta daga gari. Na ce mu ma haka muka yi ta jiran motocin kaya daga Kwatano bara. Ta ce, "To ke ma 'yar tsibiri ce mana." Ban yi musu ba.

Amma in zan rubuta gaskiya sai na hau ƙaramin jirgin nan. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Inna a waya: "Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Rahina." Can kuma ta ce Allah ya tsare, in taho mata da kanumfari.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na bi ta unguwar Ma'adi, akwai wurin koyar da mata iyo. Tambaya kawai na shiga yi. Matar ta ce Asabar da safe, in zo da tawul.

Tawul dai dama ina buƙatar sabo.