Na Yanke Tumakin Kakata da Almakashi

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki ban faɗa wa kowa ba, ko Yayata da muke kwana ɗaki ɗaya. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko na yaga su.

Shekarata goma sha uku, bana na shiga ajin farko na sakandare. A gida Kunkuru ake kirana, wai da an yi baƙo sai in janye kai. Gaskiya ne. Ko gaisuwa ce sai na maimaita ta a raina sau biyar kafin ta fito, in ta fito kuma sai a ce in ƙara murya. Abin da na iya kawai shi ne aikin takarda. Ki ba ni kwali da almakashi da gam, sai in manta da duniya.

Bana na ce zan yi wa mutane katin Kirsimeti da hannuna, tunda kati ba ya buƙatar baki. Na koyi yin irin wanda in an buɗe shi wani abu ke miƙewa tsaye a tsakiya. Ana ninke kwalin biyu, a tsaga layi biyu a wurin ninkin, a tura tsakiyar ciki ta zama kamar ƙaramin benci, sai a manna hoto a jikinsa. Rubutun gaisuwar kuma a wayar Yaya nake shirya shi in ta shiga wanka, saboda rubutun hannuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Mai shagon kwamfuta na bakin layinmu shi ke buga min. Yana da kirki, ba ya yawan tambaya.

Matsalar ita ce ban iya zana tunkiya ba. Na zana guda shida, ƙanena ya ce biyu karnuka ne, sauran kuma matashin kai mai ƙafa.

Ran nan Kaka ta aike ni ɗakinta in ɗauko mata zare. Tana da wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, cike da maɓallai da allurai da tarkace. Can ƙasa sai ga tsofaffin katuna. Ɗaya yana da hoton makiyayi da tumaki bakwai, farare, masu ƙiba, kowace da irin tsayuwarta. Anti, wallahi kamar ni suke jira. Na leƙa ciki na ga rubutu ya cika ko'ina, irin na mutanen da, mai haɗe-haɗe, biron duk ya koɗe. Ban tsaya karantawa ba. Na ɗauka shara ce da aka manta ba a zubar ba. Na ɗauki hoton gaban katin da wayar Yaya don in riƙa koyon zane, sannan na zauna na yanke tumakin nan bakwai tas, har da kunnuwansu. Ban taɓa yin yanka mai kyau irin wannan ba, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi.

Na yi kati bakwai. Huɗu suna wurina. Uku sun tafi: ɗaya na ajiye a teburin malamar lissafi, ɗaya na ba telan da ke ɗinka min kayan makaranta, ɗaya kuma na sa a jakar Goggo da ta zo ta koma garinsu mai nisa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, tunkiyar da ta miƙe tsaye ana ganin bayanta.

Malamar lissafi ta kira ni bayan an tashi. Ta juya katin ta nuna min bayan tunkiyar, ga rubutu nan: “ke kaɗai nake”. Tana ta murmushi, ta tambaye ni ko wani ne ya aiko ni. Na sunkuyar da kai. Ta rage murya ta tambaya ko malamin wasanni ne. Anti, ban ce e ba, ban ce a'a ba, kaina ne kawai ya ƙara yin ƙasa. Ita kuwa ta ɗauka amsa ce. Yanzu sau biyu take gaishe shi kowace safiya, shi kuma bawan Allah sai waiwaye yake yi ko da wani a bayansa.

Na tela kuma bayan tasa tunkiyar an rubuta “ki daina fushi”. Ashe kwana uku matarsa ba ta yi masa magana. Ta kawo masa abinci shago ta ga katin a kan keken ɗinki, ta ɗauka shi ya sa aka yi mata. Sun shirya. Yanzu ya kafe katin da ƙusa a bango, duk wanda ya zo awo sai ya nuna masa, yana cewa 'yar Kunkurun nan ta fi fasto iya sulhu.

Da na dawo gida na juya sauran huɗun. Ɗaya ta ce “ruwan sama ya”, ɗaya “ƙafata ta yi sauƙi”, ɗaya “gai da yara”, ta ƙarshe “in na dawo”. Sai na gane na san waɗannan kalmomin.

Kowace Kirsimeti, bayan an dawo daga coci an ci abinci, Kaka takan sa a karanta mata abin da muke kira wasiƙar Baba Tsoho. Marigayi kakanmu ne ya aiko mata ita wata shekara da aikin gina hanya ya hana shi zuwa gida, tun babana yana rarrafe. Ni kullum daga bayan ƙofar kicin nake ji, saboda falon cike yake da mutane. Ban taɓa ganinta da idona ba. Tunda wasiƙa ake cewa, na ɗauka takarda ce a cikin ambulan. Ashe kati ne. Ashe ita ce na mayar da ita rariya.

Ga kuma babbar matsalar. A gidanmu duk jikan da ya gama firamare shi ke karantawa a shekarar. Bana ni ce. Tun watan jiya Kaka take tsokanata, wai za a ga ranar da Kunkuru zai yi waƙa. Saura kwana tara.

To sai wata dabara ta zo min. Ai ina da hoton gaban katin. Na kai wa mai shagon kwamfuta, ya gyara hasken ya buga min a kwali mai kauri, daidai girman na asali. Na shafa masa ruwan shayi da auduga, na shanya shi, na murza gefunan. Ya yi kama sosai har ni kaina na tsorata. Idanun Kaka sun yi rauni, kuma ni ce zan riƙe katin, ni zan karanta. Yawancin kalmomin na haddace su daga bayan ƙofa. In na yi haka ba wanda zai yi kuka ranar Kirsimeti, ba wanda zai kalle ni. Ki gane, Anti, ni duka bai dame ni ba kamar a taru a zuba min ido.

Amma jiya ina taje wa Kaka kai, sai ta ce ta ƙagara ta ji muryar tsohon nan, wai shekara guda ba su yi hira ba. Ta faɗa tana dariya.

Shin in na faɗa mata za ta daina kirana ɗakinta? Ta yaya ake zuwa wurin malama a ce ba malamin wasanni ba ne? Ta yaya ake cire kati daga bangon tela? Tunkiyar Goggo kuma ko me ke bayanta, Allah kaɗai ya sani, ga mijinta da saurin fushi.

Abu ɗaya dai na riga na yi. Yau da na dawo makaranta na ciro katin ƙaryar daga ƙarƙashin katifa, na yanke tumakinsa bakwai. Bayansu fari ne fes. Uku na manna su a sababbin katuna, in kai musanya. Yanzu ko na so in yi ƙaryar, babu abin yin ta. Bakin ne dai har yanzu ban san ta inda ake buɗe shi ba.

Taki,
Kunkuru Mai Almakashi

*

'Yata Kunkuru,

Na yi dariya har sai da na cire tabarau na share ido, sannan na mayar na sake karantawa a nutse. Ki kwantar da hankalinki. Wannan ɓarna ce mai gyaruwa, kuma mafi wuyar gyaran kin riga kin yi shi da almakashinki.

Bari in fara da laifinki, don ba zan shafa miki mai a baki ba. Gwangwanin ba naki ba ne. Abin da tsohuwa ta ajiye a ƙarƙashin gadonta ba shara ba ne, ko da tsumma ne. Tambaya ɗaya da ta raba ki da duk wannan. Kunya ado ce, amma kin ga inda taki ta kai ki: ta hana ki tambayar Kaka, ta kuma sa malama tana gaishe da mutum sau biyu.

Ta ɗaya gefen kuma, ba mugunta kika yi ba. Ko katin ƙaryar ma, rabinsa tsoro ne, rabinsa tausayin Kaka. Sai dai da bai yi aiki ba. Matar da ta yi shekaru tana shafa kati ɗaya ba da ido take gane shi ba. Yatsunta sun san kowace lanƙwasa, hancinta ya san warinsa. Da kin miƙa mata mai ƙamshin shayi, da ta gane, kuma wataƙila ta yi shiru don kada ta kunyata ki. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Ga abin da za ki yi, kuma ki fara gobe, kada ki bari kwanakin su cinye.

Ki faɗa wa Yayarki tukuna. Za ta yi miki tsiya, haƙƙinta ne, wayarta kika yi ta ɗauka. Amma kina buƙatar mai raka ki. Ita za ta kira Goggo ta ce a ɗauki hoton bayan tunkiyar a turo nan take, ita kanta tunkiyar kuma a adana ta a cikin littafi har a samu mai zuwa.

Wurin malama ki je ke kaɗai, lokacin da babu kowa a ofis. In bakin ya ƙi, rubuta layi uku a cikin sabon katin: rubutun kakana ne, ba wanda ya aiko ni, ki yafe min. Kada ki ambaci malamin wasanni ko da wasa, kuma kada wata ƙawa ta ji wannan labari. Ki rufa mata asiri yadda kike so a rufa miki. Abin da zai biyo baya tsakaninsu ba aikinki ba ne.

Tela kuwa ki gaya masa gaskiya a gefe. Mutumin da tunkiya ta gyara wa gida ba zai hana ta komawa garkenta ba. In yana son kalmomin a bangonsa, ya rubuta su da hannunsa a bayan sabuwar. Dama shi ya kamata ya faɗe su tun farko.

In tumakin sun taru, kada ki fizge su daga kwali. Ki bi a hankali da bakin reza, in gam ya ƙi ki yanke kwalin da ke kewaye ki bar shi. Ki mayar da kowace gurbinta, ki sa katin tsakanin roba biyu masu haske yadda za a ga gaba da baya. Kada ki manna salatif a kan rubutun, yana cin biro. Sannan ki kai wa mai shagon kwamfuta ya ɗauki hoton rubutun ya buga shi da girma, yadda idon Kaka zai iya ganin hannun mijinta. Kin ga na'urar da ta kusa taya ki ƙarya ita za ta taya ki gyara.

Kaka kuma ki same ta kafin ranar, ba a gaban taro ba. Lokacin tajar kai ya yi daidai, tunda tana ba ki baya, ba sai kin haɗa ido da ita ba. Ki faɗa a gajarce, ki sa katin a cinyarta. Za ta iya yin fushi, za ta iya yin kuka, za ta iya kwana biyu ba ta tsokane ki ba. Ki jure, kada ki gudu kicin. Ba zan yi miki alkawarin abin da za ta ce ba, don ban san ta ba. Amma na san kakanni. Wadda ta ƙagara ta ji Kunkuru ya yi waƙa ba za ta kore shi don ya zo da gaskiya a baki ba. In ta huce, ki ba ta labarin tela. Ina jin za ta so ta ji cewa tsohon nata har yanzu yana sasanta ma'aurata.

Ranar Kirsimeti ki tsaya a tsakiyar falo ki karanta. Inda tunkiyar Goggo ta bar rami, in hoton bai iso ba, ki dakata kawai. Kaka za ta cike miki, ta fi katin sanin abin da ke cikinsa.

Kada ki ajiye almakashi, hannunki yana da baiwa. Ki dai riƙa juya takarda ki karanta bayanta kafin ki yanka. Allah ya ba ki bakin magana, ya sanyaya zuciyar Kaka, ya mayar da tumaki bakwai gida lafiya. Barka da Kirsimeti tun yanzu, ke da duk mutanen gidan.

Antinki