Baƙon da Ya Tsiro a Kan Dutse

A saurara, jama'ar Alƙahira da kewaye! Yau wannan fili na amsa wasiƙunku ya jingine shari'o'in aure da na gado, domin an kawo ƙarar wata halitta da tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Ga wasiƙar mai ƙara:

Malam, don Allah ka taimake ni. Ni ɗalibi ne a unguwar Hayyus Sabi'. Abokin zamana Nata'ala ya kammala karatu ya koma Gusau, ya bar mini amanar akwatin gilashinsa na ruwan gishiri da kifaye biyu. Tun tafiyarsa ɗakin ya yi mini faɗi. Watan jiya sai ga wani abu ya tsiro a kan dutsen da ke cikin akwatin, kamar fure, launin ruwan ƙasa, mai siraran yatsu da ke kaɗawa. In na matso sai ya shige rami, in na zauna shiru sai ya fito. Wallahi shi kaɗai ke lura da shigowata. Na ɗauke shi baƙo, ban bincike shi ba, har guntun kifi nake ba shi. Yanzu sun zama biyar, kifayen kuma sun daina zuwa wajen. Akwai shagon wata Hajiya Mahasin a unguwar Hayyin Ashir inda aka sayo dutsen, amma ina jin nauyin zuwa. Larabcina na littafi ne. Ran da na tambayi tumatir a kasuwa, mai kayan cewa ya yi sadaƙallahul azim, aka yi ta dariya. Mene ne wannan abu? In kashe shi?

Mai Gadin Kifi

Ya kai Mai Gadi, mun duba ƙararka da idon basira. Baƙonka dabba ce, ba fure ba, daga dangin da Larabawa ke kira shaƙa'iƙul bahri. Wasunsu ado ne, wasu kuwa ɓarayin gida. Launin ƙasa, saurin ɓuya da saurin yaɗuwa duk alamun na biyun ne, kuma yatsunsa suna harbi; shi ya sa kifayen suka ƙaurace. Karamcinka abin yabo ne, sai dai liyafa kwana uku ce, kuma ciyarwarka ce ke ƙara masa zuriya. Kifayen amana ne, su ke da gida.

Kada ka kankare shi, domin kowane ɓarɓashi sabon baƙo zai zama. Ciro dutsen gaba ɗaya, ka sa shi a kwalba mai faɗi da ruwan akwatin, kana sauya ruwan. Ba ka kashe ba, ba ka ci amana ba.

Tabbacin sunansa kuwa, ba za mu yanke daga nesa ba. Ɗauki hotonsa da hasken rana, ka kai wa Hajiya Mahasin da ƙafarka. In an yi dariyar Larabcinka, ma'alish, ba komai, ka taya su; wanda ya yi maka dariya yau, gobe zai gane fuskarka. Abin da ke shigewa rami in an matso, baƙonka ya isa a ɗakin nan, kada kai ma ka zama irinsa. Allah Ya yaye maka kewa.

A ƙarshe, binciken ya gano cewa mai wannan fili shi kansa ya yi wata biyu bai kira ƙaninsa ba. An ci shi tarar shan shayi ba sukari har mako guda, babu ɗaukaka ƙara.