Yau Ni Likita Ya Yi Wa Bayani

Adda Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi.

Satinmu uku a asibitin nan na Mubi, kumburin Usman bai sauka ba. Kullum likita ya shigo sai ya ce, "Ina baban yaro?" Shi kuwa kafin ya wuce shingayen sojoji daga Maiha, likita ya tafi. Ni mai kwana da yaron ba a gaya mini komai.

Shekaranjiya wata nas ta zauna kan tabarmarmu, mu masu jinya, tana tambayar abin da ya fi damunmu. Wasu suka ce ruwa. Ni na ce, "A riƙa yi mana bayani, mu ma iyaye ne."

Yau likita ya jawo kujera ya gaya mini dalla-dalla: ƙoda ce, sai an kai shi Yola. Ni na roƙa, Adda, ga shi na kasa zama wuri ɗaya. Babansa na hanya, kuma daga bakina zai ji.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Goggo, amma kada ki gaya mata tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi