A Sa Shi Da Ransa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Mainasara ɗan Sabo, mai lubban na Mallawa, na rubuta wannan da hannuna, da bokon da na koya da furfurata a lakwal, makarantar manya ta maraice, a Magariya. Hankalina ɗaya, ba wanda ya tilasta ni. Ƙirji ne ya ƙare, hayaƙin ƙaro ya cinye shi, lokotoron asibiti ya ce ba zan ga kakar gyaɗa mai zuwa ba. Kada wanda ya ji tausayina. Tun da nake ban taɓa murna irin ta makon nan ba: an haifa mini jika namiji a ɗakin ɗana Laminu, an raɗa masa sunana. Ranar suna na yi dariya har na tofar da jini, ban kuwa daina ba.

Wannan wasiyya ce ga 'ya'yana uku, Ɗayyabu da Kande da Laminu. Goni Modu, limaminmu, shi ne shaida.

1. Gonar gero da ta gyaɗa a raba yadda shari'a ta ce. Na tambayi Goni ko uba yana iya hana ɗansa gado, ya ce ba hali. To, Laminu ya ɗauki rabonsa, amma ya sani ba da son raina ba ne.

2. Kasko da mazuban yumɓu da buhun ƙaron maje da na sayo a Maigatari ba su cikin gado. Na riga na ba Ɗayyabu su kyauta a gaban Goni, ya karɓa da hannunsa.

Ku tuna inda sana'ar nan ta fito. Wani Nasara mai awon gyaɗa ne ya nuna mini dutsen lubban na ƙasarsu, irin wanda matan Barebari ke ratayawa, sai dai nasa da ƙuda a ciki. Yana riƙe da shi kamar ɗan da ya haifa. Na dawo gida na ƙone yatsuna damina da rani har na iya. A narka ƙaro a kan garwashi marar harshe, a tace da tsumma, a sa gangamau ya yi rawaya, a ɗiga karan dafi kaɗan in ana son ja irin na tsohuwar zuma. A zuba rabi a mazubi, a jira har yatsa ya iya jure zafinsa. Sannan a sa ƙwaron, a rufe da sauran, in ya daskare a goge da toka da fatar akuya. Da wannan na biya muku lampo, harajin Nasara, duk shekara, ba wanda dogari ya taɓa shanyawa a rana cikinku.

3. A sa ƙwaro da ransa. Na faɗa, na sake faɗa, yanzu na rubuta. Mataccen ƙwaro naɗe ƙafafu yake yi, kowane yaron kanti ya gani ya san aikin hannu ne. Mai rai kuwa in ya ji ƙaro ya kama shi sai ya buɗe fiffike, ya miƙe ƙafafu, ya ja layi a bayansa, ya bar 'yan kumfa a bakinsa. Wannan mutsu-mutsun shi Nasara ke saye ya aza bisa teburinsa. Zanzaro ya fi kyau, don ya fi daɗewa yana kokawa. Kada a yi gaggawar zuba na biyu. A bar shi ya gaji tukuna.

4. Laminu, kai ka san abin da ka yi, amma bari 'yan'uwanka su gani a rubuce. Bara da na kwanta na bar maka aikin mutanen kumandan, Nasaran da ke mulkin Magariya, sai ka bi ƙwarin da hayaƙin taba ka kashe su kafin ka zuba, wai ba ka iya kallo. Aka dawo mana da kwando guda, mai dafa wa kumandan abinci yana yi mini dariya a tsakar kasuwa. Da na yi magana ka ce suna jin zafi. Na sani suna ji. Ban taɓa cewa ba su ji ba.

Na kuma ji labarin keken ɗinki da surukanka suka yi maka alkawari a ƙasar da Ingilishi ke mulka, da shirin da kake na ɗaukar matarka Falmata ku ƙetare iyaka da zarar an rufe ni. Na yi ta tunanin abin da zai tsayar da kai, ban samu ba, sai ga Allah Ya kawo shi yana kuka cikin zane.

5. Sulusin abin da na bari na takwarana ne, Ɗayyabu ya riƙe masa.

6. Yaron nan ɗan fari ne, ɗan fari kuwa na kaka ne, kowa ya sani daga nan har Dungas. Na karɓe shi ranar suna a gaban jama'a, na ba Kande riƙonsa. Falmata ta shayar da shi har yaye. Ranar yaye a kai shi ɗakin Kande, kada ya koma. Na san Falmata ta yi ɓari a baya, na san shekarun da ta yi tana jira. Allah Ya ba ta wani. Laminu ba zai iya buɗe baki ya ce ɗana ba, kunya ba ta barinsa ko kiran sunan yaron, balle sunan nawa ne. In ya kai ƙara wurin alƙali, garin nan zai tofa masa yawu.

Saboda haka ba na hana ka tafiya, Laminu. Hanya a buɗe take. Ka tafi ka bar shi, ko ka zauna kana ganinsa ta kan danga.

7. Ɗayyabu, ƙanenka zai yi fushi. Zai ɗaure kaya ya kwance, zai je wurin Goni, zai daina gaishe ka. Kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka sassauta. Ka bar shi ya gaji. In ya natsu ka ba shi gorar kamun ƙwari, aikinsa ke nan, ya kawo su da rai, ka duba kowane ɗaya da idonka.

8. Ran da takwarana ya iya riƙe tsinke, a ba shi zanzaronsa na fari ya sa da hannunsa. A kira ubansa ya riƙe masa mazubi. In yaron ya yi kuka a sake ba shi wani. Jiya na sa masa yatsana a tafin hannu ya damƙe, sai da Kande ta ɓamɓare shi. Wannan hannun ba na tela ba ne.

Dutsen da ke ƙarƙashin matashina, mai zanzaro da fiffike a buɗe, shi ne mafi kyau da na taɓa yi, Nasara sun nema na hana. A huda shi a ɗaura wa yaron a wuya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai ƙarfin zuciya, Ya raya mini takwarana. Na yafe wa Ɗayyabu da Kande duniya da lahira. Laminu kuma na yafe masa muddin yana cikin gidan nan. Ku zauna wuri ɗaya, ƙofa ɗaya, tukunya ɗaya, kada ko mutum guda ya fita. Na zuba rabina, na sa abin da zan sa. Ɗayyabu, sauran zubin naka ne, kada ka yi gaggawa.

Mainasara ɗan Sabo, Mallawa, watan Rajab.