Shayin Koka da Hanyar Huaraz

Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni nan birnin Lima lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Kan hutun bana, gidan Doña Eulalia, tsohuwar da nake jinya, ya rabu biyu. Ɗanta yana son a je garin Oxapampa, inda tudun da sauƙi. Ita kuwa Huaraz take so, ta ga duwatsun garinsu kafin ta cika. Suka ce in raba gardama.

Bara a Huaraz numfashina ya riƙa ɗaukewa saboda ƙarancin iska a can saman duwatsu, har na yi kalmar shahada. Kada Inna ta ji. Tsohuwar ta ce, "Saudatu, matsoraciya! Ni da kabari ke kira ban tsorata ba, sai ke? Ki sha shayin ganyen koka kamar kowa, iskar za ta ishe ki."

Na dubi idonta, na ce Huaraz.

Yaya, ka tambayo min Malam: ganyen nan da ake haɗa ƙwaya da shi, ya halatta in sha don magani? In ya hana, ba zan sha ba. Amma na yi alkawari, zan hau.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Saudatu