Maƙesun La Hondura

Medellín

Yaya Arcesio,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Baba? Ka ce ya sa min albarka.

Ga hoton da na yi alkawari. Tunda likita ya ce idon Baba na gab da rufewa, na ture kowane aiki na koma kan kwarinmu na La Hondura. Taswirar da aka zana kafin ruwan dam ya shanye garin na ba kwamfuta. Na tayar da tsaunuka, na shimfiɗa kogin, na shuka kofi a gangare, sannan na kunna rana, na bar inji yana lissafin inda kowane haske zai faɗa. Yaya, da hoton ya fara fitowa sai da na miƙe tsaye. Wurin da ke ƙarƙashin ruwa tun ina goye, ga shi a gabana, har da inuwar gajimare a kan dutse! Na wanke shi tas, na gyara launi, babu ɗigon datti ko ɗaya. Ka nuna masa a babban talabijin.

Ƙanwarka,
Yolima

Pueblo Nuevo

Yolima 'yar birni,

Muna lafiya, da fatan kina cin abinci, ba kofi kawai ba.

Na nuna. Ni kam sakin baki na yi. Maƙwabta suka cika falo, Doña Herminia har da yin alamar gicciye. Baba ya matso har hancinsa na taɓa gilashi, ya daɗe, sannan ya ce, "Kore nake gani, Arcesio, kamar an zubar da fenti. Ina kogin?" Na ɗora masa yatsa a kai. Ya ce, "To, Allah ya yi mata albarka," ya koma kan kofinsa na ruwan mazarƙwaila. Kin dai san wannan "to" ɗin nasa.

Ba laifin aikinki ba ne. Hasken rana yanzu hazo ne a wurinsa. Abin da yake iya kamawa shi ne ɗan haske a cikin duhu, irin kyandir ɗin coci. Jiya ya gai da rigar ruwata da ke rataye, har yana tambayarta labarin gona. Mun yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. In akwai dabara, ki hanzarta.

Yayanki,
Arcesio

Medellín

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta sa ni kuka a ofis.

Na mayar da rana bayan tsauni, yanzu magariba ce a kwarin, kogin na sheƙi. Sai dai hoton duhu fitina ne. Inji yana barin ƙananan ɗige-ɗige masu ƙyalli a inda lissafin haske ya kuɓuce masa, musamman a bakin ruwa. Mu a sana'ar "maƙesu" muke ce musu, sunan ƙwaron nan mai walƙiya in duhu ya yi, kuma abin kunya ne a gan su a aikin mutum. Goge su ba tare da na dagula ganyayyaki ba zai ci kwanaki.

Ga ɗanyen hoton, ka duba min ko kogin ya zauna daidai. Kai kaɗai fa! Kada Baba ya gani sai na wanke shi.

Taka,
Yolima

Pueblo Nuevo

Yolima,

Gaisuwa. Yaushe na fara jin maganarki da zan fara yau?

Ina kunnawa Baba ya shigo yana lalube. Ya tsaya cak, ya ce, "Ja labule." Na ja. Sai ya ce, "Kai! Sun fito. Arcesio, maƙesu sun fito!"

Ina shirin ce masa kuskuren inji ne, ya riga ni. Ya kai yatsa inda suka yi dandazo ya ce nan ne bakin kogi, wajen gonar rake. Ya bi su har gada, ya ce, "Nan na fara tsayar da uwarku, ta ce in matsa, ina tare mata hanya." Tsauninki ba ya gani, kofinki ba ya gani, amma ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, ya hau gangare, ya dire yatsansa daidai ƙofar gidanmu. Ni da nake da ido biyu ban lura da gidan ba sai lokacin. Wallahi tsoro ya kama ni, irin na mutum a gaban abin da ya fi ƙarfinsa.

Ya ƙi cin arepa, wainar masarar nan tasa, har ta huce. In kika goge ko ɗigo ɗaya, ni da ke ne. Ga tasa wasiƙar nan a ƙasa, ya ƙi yarda in rubuta masa, ki yi haƙuri da karkatattun layuka.

Arcesio

'Yata Yolima,

Allah ya yi miki albarka. Na ga gida.

Ki bar injin nan haka, ki hau mota. Arcesio zai ja labule ya kunna kyandir a gaban fuskarki. Ina jin har yanzu zan iya ganinki.

Babanki,
Eliécer